Ɗakin Inna a Ƙarƙashin Teku

Kwana uku aka yi ana zaman makokin Kaka, mahaifin Ummata. Maza suna kan kujerun roba da aka jera a lungunmu na unguwar Balad a Jidda, mata sun cika falo da ɗakin kwana har bakin kicin. Ni aka ba butar gahawa. Na ji daɗin hakan, domin mai zuba gahawa ba a jiran ta yi magana, kuma babu abin da ke wuce kunnenta.

Maƙwabciyarmu 'yar Chadi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna kusa da Umma tana murza bakin mayafinta, can ta ce, "Yanzu wa zai rataya mini leda a ƙofa?" Sai a ranar Umma ta san cewa duk Juma'ar da Kaka ya dawo daga teku, kifin farko da ya kama a ƙofar matar nan yake ƙarewa, ba sallama, ba ƙwanƙwasawa. Ni na daɗe da sani. Na sha ganin sa ta taga yana ɗaure ledar, yana waige-waige kamar mai sata.

Wata tsohuwa 'yar Damagaram, wadda ta san shi tun farkon zuwansa Jidda, ta karɓi gahawa ta ce, "Allah ya jiƙan mai ƙarni. Kowa ya zo ƙasar nan shago yake nema, shi ruwa ya zo nema." Aka ɗan yi dariya, sannan aka koma salati.

A rana ta biyu bayan La'asar Rayyis ya zo. Tsohon Balarabe ne mutumin Jizan, shi ke tuƙa ƙaramin jirgin da suke fita da Kaka. Ya yi wa Kawu, ƙanen Umma, gaisuwa, ya ƙi zama, ya ce a kira masa yarinyar nan mai ido. Na fito bakin ƙofa da butar a hannuna. Ya miƙo mini baƙar leda ba tare da ya dube ni ba.

"Hada haggik," in ji shi. "Naki ne. A ƙarƙashin kujerar jirgi ya bar shi."

Ban buɗe ba, domin na ga launin ruwan lemo ta bakin ledar. Rigar ruwa ce, irin mai hana mutum nutsewa, 'yar ƙarama. Umma ta tambaye ni ko mene ne, na ce ba komai. Wannan rubutu shi ne amsar da na kasa ba ta. Na yi shi da Hausa saboda Kaka ya sha yi mini mita cewa yana yi mini magana da harshen uwarsa ina mayar masa da na makaranta.

Kaka gajere ne, baƙi, mai faɗin tafin hannu. A yatsansa na nuni akwai wani rami siriri da zaren kamun kifi ya ci shekara da shekaru. Aikinsa gadin wani gidan hutu a Abhur, can bakin teku, kafilinsa kuma, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yarje masa fita da jirgin gidan ranar Juma'a idan babu baƙi. Da yamma sai ya hau motar haya ya zo mana da sanda da 'yar jakar ƙanƙara. Kafin ya hawo bene ƙarnin ya riga shi.

"Amarya," yake ce mini, irin wasan kaka da jika. "Miji ya dawo daga nema, ko sannu babu?"

Ni sai in sunkuyar da kai in karɓi jakar. Umma ce ke rama mini. "Baba, wace amarya za ta so miji mai warin tarwaɗa?"

"Tarwaɗa a teku? Ji 'yar birni. Ke ai ko karfasa aka ba ki cewa za ki yi kaza ce."

Ba masunci aka haife shi ba. Manomi ne ɗan manomi, a wani ƙauye bakin kogi a arewacin Nijeriya. Yana saurayi aka datse kogin aka yi dam, aka ce su tashi su koma tudu, ruwa na zuwa. Ya ba ni labarin ranar tashi ya fi a ƙirga. Kowa na ɗaure kaya a kan jaki, shi ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, wadda ta rasu a daminar da ta wuce, yana kallon duwatsun nesa. Yayyensa suka yi ta zagin sa da lalaci. Ashe alama yake ɗauka. Ya lura da dutsen da ya hau kan wani dutse idan an tsaya a nan, ya juya gabas ya lura da wani tsauni da ya ɓoye rabin wani. Ruwa zai ci gari, amma ba zai ci duwatsun ba.

Da dam ya cika, gonar da aka ba su a tudu ba ta ba da komai ba. Sai ya sayi kwalekwale. Masunta na gado da suka zo daga nesa sun fi shi sanin taru da ƙugiya, amma shi ya san abin da ke ƙarƙashinsu. Ya san inda kasuwa take, inda maƙera take, inda tsohuwar kuka ta tsaya a cikin ruwa da rassanta.

"Kifi ba ya son fili," in ji shi. "Kamar mutum ne, inda bango yake nan yake raɓewa. Giwan ruwa shi ya gaji kasuwarmu, ni kuma nakan je karɓar haraji."

Wuri ɗaya ne bai taɓa jefa taru ba, saman ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Nan ƙugiya ɗaya yake saukewa, ya kama kifi ɗaya, ya yi addu'a, ya tafi. Ya auna zurfin wurin da hannuwansa a buɗe, gaba goma sha ɗaya daidai.

Zuwansa Jidda ya riga haihuwata da nisa. Labarin fitarsa ta farko a teku kuwa Rayyis ne ya fi iya ba da shi, har a wurin makoki sai da ya maimaita wa maza daga tsaye, na ji ta taga. Rayyis ya ce masa ya kawo guzurinsa. Kaka ya zo da gurasa da dabino da ƙoƙo, babu ko ɗigon ruwa. Rayyis ya tambaye shi ina ruwan shansa. Kaka ya dube shi kamar mai taɓin hankali, ya nuna teku gabas da yamma. Duk rayuwarsa a dam, mai jin ƙishi ƙoƙo yake sa wa a gefen kwalekwale. Ya san teku da gishiri, an faɗa masa, amma ya ɗauka irin ɗan gishirin rijiya ne. Rana ta take, ya ɗebo cikin ƙoƙo, ya kafa kai.

"Wallahi ya haɗiye," in ji Rayyis. "Bai tofar ba, don kada in yi dariya. Hawaye na zuba, ya ce mini, ya Rayyis, ruwanku ya lalace."

Daga ranar bai sake fita babu jarka ba. Amma bai daina ɗanɗanawa ba. Duk sanda jirgi zai tashi sai ya tsoma hannu ya taɓa harshensa. Yana cewa gaisuwa ce, kuma yana dubawa ne ko an gyara.

Shekarunsa na farko a teku bai kama abin kirki ba. Kifin nan bai san shi ba, shi ma bai san su ba. Sai da ya gane cewa duwatsun murjani na ƙarƙashin teku su ne bangayen wannan gari. Ya riƙa bi da zare da dalma yana lalube, duk inda ya sami dutse mai kifi ya ɗauki alamarsa a gaɓa, ya raɗa masa suna. Inda kifi ke cunkoso ya ce Kasuwa. Inda dutse ke tsinke ƙugiya ya ce Maƙera. Akwai Gindin Kuka. Rayyis, wanda bai iya Hausa ba, yana faɗin sunayen nan da bakinsa na Jizan kamar unguwannin garinsu. Waɗannan duka Kaka ya ba shi alamarsu kyauta.

Wata rana dalma ta sauka a kan wani dutse shi kaɗai a tsakiyar yashi. Kaka ya janyo zaren yana aunawa. Gaba goma sha ɗaya. A nan ya kama najil ɗinsa na farko, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi. Ya kira wurin Ɗakin Inna, kuma bai ba kowa alamarsa ba. A wurin masunta abin kunya ne ka saci alamar wani da ido. Idan sun nufi can, Rayyis yakan juya wa gaɓa baya ya zuba wa inji ido, Kaka na cewa yamin, yasar, bas, wato dama, hagu, tsaya. Shekara da shekaru haka, bai taɓa waiwayawa ba.

Kawu ne ya so ya taƙaita wahala. Sau ɗaya ya bi su, da suka tsaya a Ɗakin Inna ya zaro waya zai ajiye wurin a taswira. Kaka ya fizge wayar ya tsunduma ta a bokitin yankakken kifin da ake sa wa ƙugiya.

"Baba, teku ce fa, ba gonarka ba," in ji Kawu.

"Gonata ruwa ya ci. Ka sa wannan a waya yau, gobe jirgi ashirin a kan uwata."

Kawu ya ce halas, magana ta ƙare, ya rantse shi da jirgi har abada. Azumi guda ba su yi magana ba. Kaka bai taɓa ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ranar Salla dai ya aiko wa Kawu najil mafi girma da na taɓa gani, Kawu ya ci, shi ke nan.

Ni ce na fara lura idonsa na tafiya. Yana zuba shayi sai ya sa yatsa ya taɓa bakin kofi tukuna. Ya daina zura zare a ƙugiya a gabanmu. Wata Juma'a ya gaishe da rigar Abba da ke rataye a bayan ƙofa. Ni kaɗai na gani, shi ma ya san na gani.

Da Umma ta shiga kicin ya ce, "Amarya, zo. Tankin ruwa nawa ne a kan benen da ke kallon tagarku?"

"Biyar," na ce. "Ɗaya ba murfi."

"Yayyenki na tambaya, sun ce wane bene." Ya jawo faranti, ya jera kofunan shayi biyu, ɗaya a bayan ɗaya. "Idan kin fita daga bakin Abhur, ki nemi hasumiyar masallaci mai koren kai. Akwai jan tanki a kan wani gida a gabanta. Ki sa a yi ta tafiya har hasumiya ta hau kan tanki. Kin gane?"

"Na gane."

"To wannan layi ɗaya ne. Layi ɗaya hanya ce, ba gida ba. Sai na biyu ya gicciye shi, nan ne ƙofar ɗaki."

"Na biyun fa?"

"A kan ruwa ake ba da shi. A tudu ko na faɗa miki, abu goma za ki gani masu kama da shi. Ki biyo ni Juma'a ɗaya. Ni in faɗi abin da za a nema, ke ki gani."

Abba ya yarda, Umma ta yarda. Ni ce na yi ta ja. Juma'ar farko na ce jarrabawa, kuma gaskiya ne. Ta biyu na ce ina tsoron amai. Ya ce zai kawo lemon tsami. Dalilin gaskiya ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Akwai wata yarinya a ajinmu da iyayenta ke kama gidan hutu a Abhur duk ƙarshen mako. Wata rana a lokacin tara tana ba da labarin wani tsohon mai gadi baƙar fata a gidan da ke kusa da nasu, mai warin kifi, wanda ke lasar ruwan teku kamar kyanwa. Ta tsoma yatsa a ruwan gorarta ta kwaikwaye shi. Ta iya kwaikwayo, har yadda yake ɗan karkata kai. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi dariya ba, amma ban ce kakana ne ba. Na ci gaba da cin sanwicina. Tun daga ranar, duk sanda na tuna Abhur sai in ga kaina a cikin jirgi kusa da shi, ita kuma tana kan baranda da waya a hannu.

Juma'a ta uku bai jira a kai ni ba. Ya kwana a gidanmu, bayan sallar Asuba ya tsaya a ƙofar ɗakinmu da leda. Ya je kasuwar gwanjo ya sayo rigar ruwa.

"Amarya, yalla. Rayyis na jira."

Na ja bargo na ce cikina ke ciwo. Umma ta taɓa goshina, ta ce babu zazzaɓi. Kaka ya daɗe a tsaye. Idonsa ba ya gani sosai, amma na juya fuskata bango.

"Bar ta," in ji shi. "Ruwa ba ya gudu. Wata Juma'ar."

Na ji saukarsa a bene, sanda na taɓa kowace matakala. Ashirin da biyu ne. Na ƙirga su duka, kuma a kowace ɗaya ina iya tashi.

Bai ƙara tambaya ta ba. Ya ci gaba da zuwa, yana kira na Amarya, yana rataya leda a ƙofar maƙwabciya. Ni kuma ina cewa a raina bari a yi hutu, bari yarinyar nan su yi tafiya. Ranar wata Talata, kafin hutun ya zo, ya dawo daga masallaci da safe, ya zauna a kan kujerarsa ta gadi, bai tashi ba. Mai ban ruwan fulawa ne ya same shi.

Bayan sadakar arba'in na buɗe ledar. An rage igiyoyin rigar, an ɗinke su da zaren kamun kifi. Ɗinkin ya karkace, wani wuri allura ta shiga sau uku kafin ta sami hanya. Na saka, ta zauna mini daidai. Na je wurin Kawu na ce ina so ya kai ni Abhur. Ya dube ni, ya dubi rigar, bai tuna mini rantsuwarsa ba.

Muka fita da sassafe ranar Juma'a. Gidan hutun da nake tsoro tagoginsa a rufe suke, babu kowa a baranda. Masu gadin teku suka duba iƙamarmu, katin zaman ƙasa, suka miƙo. Babu wanda ya ko kalle ni sau biyu.

Da muka bar bakin ruwa Rayyis ya ce, "Wata huɗu bai je Ɗakin Inna ba, ya binti. Mukan kama hanya, ya yi ta ƙura ido, sai ya ce mu tafi Kasuwa. Na ce masa, faɗa mini in duba maka, ni ba ɓarawo ba ne. Ya ce ya sani, amma gado ne, yana da mai shi."

Ban sha wuyar samun hasumiyar ba. Ga koren kanta, ga jan tankin. Na ce yamin, na ce kaɗan, na ce yasar, har ta hau kansa daram kamar kofunan nan biyu. Rayyis ya juya wa gaɓa baya ya zuba wa inji ido, kamar yadda ya saba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin babu abin da zai sata.

Muka bi layin a hankali. Na duba arewa, na duba kudu. Na ga dogayen benaye, da ƙarafan gini, da bishiyoyin dabino, da eriya, da wasu hasumiyoyi uku. Kowane yana hawa kan wani yana sauka yayin da jirgi ke tafiya. Duk na gan su sarai, har tsuntsun da ke kan eriya. Ban san wanne ne nawa ba.

Kawu ya riƙa sauke dalma yana aunawa da hannuwansa a buɗe. Gaba takwas, yashi. Gaba goma sha biyar, yashi. Sau ɗaya ya sami sha ɗaya, ya janyo dalmar ya duba, yashi ne a jikinta. Dutsen bai fi faɗin ɗaki ba, in ji Rayyis, layin kuma ya miƙe har inda ido ya ƙare.

"Da ya bar ni na danna wayar nan," in ji Kawu. Bai ƙarasa ba. Ya share fuskarsa da hannun riga, ya sake sauke zaren.

Rana ta yi sama, lokacin masallaci ya matso. Rayyis ya tambaya ko mu biya Kasuwa, kada mu koma hannu sake. Muka biya, Kawu ya kama ƙananan kifi uku. Na ware na farkon a leda daban. Kafin inji ya tashi na tsoma hannu a ruwa na taɓa harshena. Ba a gyara ba.

Kasuwa tana nan, Maƙera da Gindin Kuka suna nan, Rayyis ya ce zai nuna mini su ɗaya bayan ɗaya idan Allah ya ba shi kwana. Na rubuta sunayensu a bayan littafin lissafina. Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda idonsa ya yi duhu, ya shayar da shi ruwan da babu gishiri. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa Innarsa da ban taɓa gani ba.

Umma, abin da ke cikin ledar ke nan. Sau biyu ruwa ya ci ɗakin kakarki. Na farko dam ne. Na biyu ni ce, ina kwance na juya fuska bango, cikina lafiya lau.